Maganin Kwalba Da Baƙin Da Ke Taruwa Cikin Injin Mota

 

Fatake da masu motocin haya da ke bin hanyar nan da ta rabu daga Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta fita ƙasar Doguwa, sun san wata 'yar kwalba da a ke sayarwa a shagunan kayan mota. Mai talla ya kan ce kadan aka juye ta a tanki za ta wanke injin tas, hayaƙi ya ɗauke, shan mai ya ragu. Ba ya kuwa rasa masu saurare, balle tun daga ran 29 ga watan Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Mai ɗauko masara daga Doguwa ko shinkafa daga Tudun Wada, rabin ribarsa a tanki ta ke ƙarewa. Saboda haka ya wajaba a rarrabe gaskiyar wannan magani da ƙarin gishirin 'yan talla.

Da fari, mene ne wannan baƙi? Duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ya san asalinsa. Kadan aka ɗaga lagwani ya wuce kima, sai harshen wuta ya yi ja, hayaƙi ya tashi, ƙwan ya yi baƙi ƙirin, domin kananzir ya fi ƙarfin iskar da ke shiga. To, injin mota ma wuta ce a ke hurawa cikin rufaffen ɗaki. Masana sun auna sun ga kowane kashi ɗaya na fetur yana bukatar kusan kashi 15 na iska bisa nauyi kafin ya ƙone sarai. In iska ta gaza, ko man bai watsu kamar raɓa ba, sai ragowar ta zauna. Irin baƙin gindin tukunya ne wanda almajirai ke kankarewa su haɗa da ƙaro su yi tawada, sai dai nan ba a samun lada da shi. Turawa na ce masa kabon, watau asalin gawayi.

Wuri uku ya fi zama: bakin nozul mai fesa mai, da bayan bawul inda iska ke shiga, da kan fistin. Na nozul shi ya fi saurin ɓarna, don kafofinsa sun fi kafar allura ƙanƙanta. Duk sa'ad da aka kashe mota da zafinta, ɗigon da ya rage a bakinsa sai ya bushe ya kama, kamar yadda ƙanzo ke kama tukunyar tuwo. Yau kaɗan gobe kaɗan, har feshi ya koma tsiyaya. Nan ne mai mota zai ga tana wuyar tashi da asuba, tana karkarwa in tana tsaye, ta kasa jan kaya a hawan duwatsun Riruwai, ga kuma mai yana tafiya ba dalili.

Abin da ke cikin kwalbar kirki wani irin sabulu ne da ke narkewa cikin fetur. Wanda ya fi shahara shi ne wanda a ke rubuta sunansa PEA, kamfanin Chevron na Amurka yana sayar da shi da sunan Techron. A can Amurka ma tun 1995 doka ta tilasta a sa wani gwargwado na sabulun wanke injin cikin duk fetur da za a sayar. Watau asalin abin ba damfara ba ne. Yana jiƙa ƙanzon ya tausasa shi sannu sannu, ɓarɓashin ya ƙone ya fita ta salansa. Amma yana da sharuɗɗa. A juye shi kafin a cika tanki don ya gauraya, a tsaya kan awon da aka rubuta a jikin kwalba, sa'an nan a ƙarar da man cikin doguwar tafiya, misali Kano zuwa Jos, injin ya yi zafi sosai. Mai juye kwalba biyu don neman saurin waraka bai ƙaru da kome ba, rarar ta kan zurara ta sirka baƙin mai, shi ya sa a ke so a yi wannan aiki dab da lokacin juye. Har wa yau ba kowace kwalba ce ke ɗauke da sabulun ba, waɗansu ɗan'uwan kananzir ne aka rina. Wanda bai iya boko ba ya nemi a karanta masa abin da ke ciki tun bai ba da kuɗinsa ba.

Ga iyakar maganin, kuma malamai za su fi kowa saurin gane ta. Ruwan alwala ba ya tsarkake gaɓar da bai taɓa ba, sai ta zama lam'a. Haka wannan magani, inda fetur ya bi nan kaɗai ya ke wankewa. A tsofaffin motoci irin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Kano da Doguwa, man yana bi ta kan bawul kafin ya shiga ɗakin wuta, don haka ana samun amfani. Amma sababbin da a ke rubuta wa GDI, kai tsaye su ke fesa mai cikin ɗakin wuta, bayan bawul ya zama lam'a har abada. Wannan ko an juye kwalba goma, sai bakanike ya kwance ya kankare da hannu.

Sa'an nan a dubi launin hayaƙi kafin a sayi kome. Baƙin hayaƙi shi ke nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shi ne kwalba za ta iya taimaka wa. Shuɗi kuwa alama ce injin na shan baƙin mai, galibi ringi ya cinye, ƙarfen da ya cinye kuma babu ruwan da ke mayar da shi. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, aikin gareji ne.

Akwai kwalba ta biyu wadda ba a tanki a ke zuba ta ba, cikin baƙin mai a ke zubawa don ta wanke daskararren dattin cikin injin. A nan hatsari ya ke. Motar da ta daɗe a Turai, ta biyo ta Kwatano, ta kuma yi shekaru a nan ana jinkirta mata juye, cikinta ya tara laka mai yawa. Kadan maganin ya ɓamɓaro ta gaba ɗaya, sai ta taru ta toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, ƙarfe ya shiga cin ƙarfe a bushe, injin ya buga. Wanda ya san dajin Falgore, da irin fama da aka sha a cikinsa da 'yan fashi da ɓarayin shanu, ba ya fatan wannan ta same shi can da almuru da fasinja cike da mota. Ƙa'idarta ita ce mota na tsaye, injin na aiki a hankali na 'yan mintoci, a juye nan take, a sake matatar mai. Ba a hawa hanya da ita ko taku ɗaya. Ga tsohon injin ma abin da ya fi aminci a bar ta, a yi juye biyu kusa da kusa da mai nagari.

Amma me ke kawo baƙin tun farko? Babba dai ƙura ce. Hazon hunturu da hanyoyin ƙauyukan Kiru da Bebeji waɗanda ba su da kwalta suna toshe matatar iska, injin ya koma kamar fitilar nan da aka ɗaga wa lagwani. Wani direba maimakon ya sake ta sai ya cire ta ɗungum, ya ji mota ta sami numfashi ya yi murna, alhali rairayi ya buɗe wa ƙofa ya shiga ya ci ringi. Matatar nan sau da yawa ita ce dukan ciwon. Sai man bumburutu da ya kwana cikin jarka da tsatsa da ruwa. Gidan mai ma ba a rantse masa, domin cikin Fabrairu 2022 hukuma da kanta ta bayyana cewa an shigo da fetur daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, aka janye shi, layin mai ya cika birane. Sai kuma barin injin yana aiki a tasha ana jiran fasinja. Wanda bai gyara waɗannan ba, baƙin da kwalba ta wanke zai komo.

Saura mas'ala guda da ta shafi 'yan kasuwa. Akwai wani ruwa mai kauri kamar zuma da waɗansu ke zubawa cikin baƙin mai ranar da za su kai mota ciniki, don ya toshe shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci. Wannan ba gyara ba ne, ɓoye aibi ne, kuma Ibnu Abi Zaid ya kawo hani game da shi da algushu a babin ciniki na Risala. A mazhabar Malik mai saye yana da ikon mayar da haja in ya tarar da tsohon aibi da aka rufe masa, dillalin da ya sani ya yi shiru kuwa ba a wanke ya ke ba. Mai son sayen mota ya je da sassafe tun ba a tayar da ita ba, ya dafa injin ya ji da sanyinsa. Ya zaro sandar awon mai ya murza tsakanin yatsu, in ya ji yana yauƙi kamar kuɓewa ya yi tambaya. Ya buɗe murfin da a ke zuba mai ya leƙa cikinsa. Sa'an nan ya sa a tayar, shi kuwa ya koma baya ya tsaya wajen salansa.