Jarumin da Ya Riga Ƙasarsa Shiga Yaƙi

A watan Disamba na 1940 wata sabuwar mujallar labaran zane ta fito a birnin New York. A bangonta ga wani ƙato sanye da kaya masu launin tutar Amurka, riƙe da garkuwa, ya kai wa Hitler naushi a muƙamuƙi. Sunansa Captain America. A lokacin Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, kuma da yawa daga cikin 'yan ƙasar ba su son ta tsoma baki. Sai bayan shekara guda, da Japan ta kai hari Pearl Harbor, ta shiga.

Joe Simon da Jack Kirby, waɗanda suka ƙirƙiro jarumin, Yahudawa ne, sun kuma san uƙubar da 'yan uwansu ke sha a Turai. Magoya bayan 'yan Nazi suka yi ta aiko musu da barazana, har sai da 'yan sanda suka riƙa gadin ofishin kamfanin Timely, wanda daga baya ya zama Marvel. Wannan kishin ƙasa ne mai tsada, domin sun faɗi gaskiya tun jama'a ba su shirya jin ta ba.

Kamfanin Marvel ya tattara waɗannan tsofaffin fitowa cikin kundaye. Wanda ya karanta su bi-da-bi zai ga abin da mai sayen fitowa ɗaya bai gani ba. Bayan fitowa goma na farko, Simon da Kirby suka bar aikin, ƙasa kuma ta faɗa yaƙi. Daga nan aka riƙa zana Japanawa da zaƙo-zaƙon haƙora da faratai kamar dodanni. A daidai wannan lokaci gwamnati ta tsare mutane kusan 120,000 masu asalin Japan a sansanoni, akasarinsu haifaffun Amurka. Da ma da ƙyamar Hitler aka fara, sai ga shi an koma ƙyamar al'umma sukutum, kuma yara ne masu karatun. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Marubutan baya sun fahimci wannan haɗari. A 1974, lokacin abin kunyar Watergate, Steve Englehart ya sa jarumin ya gano cewa maƙarƙashiyar da yake yaƙa daga ƙololuwar gwamnati take, har ya tuɓe kayan tutar na wani lokaci.

Saboda haka bai kamata mai karatu ya ɗauki kundin a matsayin tatsuniyar yara kawai ba. Shaida ce ta yadda ƙasa ke koya wa 'ya'yanta wanda za su so da wanda za su ƙi. Duk wanda ya buɗe shi, ya dubi fuskar abokin gaba da kyau kafin ya dubi ta jarumin.