Allurar baƙin mai a tsohuwar mota: Yadda ake gane laifin geji ne ko na inji

Har yanzu akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da ba su yarda sun rabu da tsohuwar Marsandi ko Fijo 504 ba, wasu saboda ƙarkonta, wasu kuwa domin gado ce daga mahaifi. Babu abin da ke tayar da hankalin mai irin wannan mota kamar ya duba gabansa ya ga allurar baƙin mai ta kwanta a sifili alhali inji yana aiki. Abu biyu ne ke jawo haka. Ko dai gejin ne ya lalace, wanda gyaransa bai taka kara ya karya ba, ko kuma da gaske mai ya daina zagayawa, wanda cikin 'yan mintuna zai iya sa inji ya buga. Daga kujerar direba ba a iya bambance su, don haka ake ɗaukar maganar allura a matsayin gaskiya har sai an kama ta da ƙarya.

Da yawa suna zaton gejin yana nuna yawan man da ke cikin inji ne. Abin da yake aunawa shi ne ƙarfin da famfon mai ke tura man da shi ta cikin ƙananan hanyoyi zuwa karanshaf da sauran ƙarafan da ke juyawa. Wannan matsin ne ke sa siririn mai ya tsaya tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Inji na iya cika taf da mai amma babu matsi, idan famfo ya mutu ko ragar da yake zuƙo man ta cikinta ta toshe.

Matakin farko dai shi ne a gangara gefen titi a kashe mota. Bayan 'yan mintuna a zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake dubawa. A shinshina man: idan yana warin fetur kuma ya tsinke kamar ruwa, to kafireta ko famfon fetur na zubo fetur cikinsa. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. A leƙa ƙarƙashin mota ko akwai yoyo. In kuwa kafin a kashe an ji inji yana ƙwanƙwasa ko yana kacau-kacau daga sama, magana ta ƙare: sai dai a ja motar zuwa gareji.

Idan mai yana nan daidai kuma inji bai sauya murya ba, zargi ya fara komawa kan geji, kuma a nan sai an san irin wanda motar take da shi. Marsandi samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, gejinta bai dogara da lantarki ba. Wani siririn bututu ne ke ɗauko man kansa daga inji har bayan dashbod, ya shiga wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe da ke ɗan miƙewa idan matsi ya ƙaru, shi kuma ya ja allura. Dabara ce tsohuwa, wadda Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi wa rajista tun 1849. Wadda ta gaje ta, W124 da aka fi sani da V-Boot, tana da wata 'yar na'ura a jikin inji da ke aika saƙo ta waya guda zuwa geji. Ita kuwa Fijo 504, da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, jar fitila kawai akasarinsu suke da ita.

Gejin Marsandi yana tsayawa ne a lamba 3, wato bar uku, kuma bar ɗaya ya kai kimanin psi 14.5. Da sanyin safiya allura takan haye can ƙarshe ta zauna. Idan inji ya yi zafi aka tsaya a danja yana silo, takan sauko zuwa ɗaya ko ma ƙasa da haka. Wannan ba ciwo ba ne, muddin da an taka totur ta tashi nan take. Allurar da ke jan ƙafa wajen tashi, ko take faɗuwa ana cikin gudu, ita ce abin tsoro.

Gwajin geji mai lantarki ba ya buƙatar tayar da inji. A murɗa makulli fitilu su kama, a duba allura. A V-Boot, in ta haye lamba 3 tun inji bai tashi ba, galibi waya ce ta tsinke ko na'urar jikin injin ta mutu. Mai wayarin zai zare wayar daga na'urar, allura ta tafi ƙarshe, sannan ya taɓa ta da jikin inji, allura ta dawo sifili. In ta amsa haka, geji da waya lafiya lau suke, na'urar ce za a sauya. (Akwai motocin da nasu ke amsawa a juye, saboda haka motsin ake dubawa.) Allura mai rawa idan an faɗa rami kuwa, sau da yawa tsatsa ce ko sako-sako a mahaɗar waya. A 504 ma haka ne: idan an zare wayar suwic ɗin mai amma jar fitilar ta ƙi mutuwa, wayar ce ke gogar jikin mota a wani wuri.

A W123 bututun ake bi da ido da hannu. Yakan toshe da dauɗa, ko ya lanƙwashe, ko ya tsage saboda tsufa. Ɗigon baƙin mai a kan darduma ko takalmin direba alama ce ta cewa yoyon a bayan dashbod yake, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba, domin man inji ne ke fita ta nan.

Duk waɗannan gwaje-gwajen shaidu ne, amma hukunci yana hannun geji na biyu. Bakanike zai kwance na'urar ko bututun, ya ɗaura gejin gwaji a ramin, ya tayar da mota ya karanta awon tana sanyi, sannan ya jira ta yi zafi sosai ya sake karantawa a silo da kuma an ba ta wuta. Awon da aka ɗauka da zafi shi ne abin dogaro, don mai mai sanyi yana da kauri, yana rufa wa gajiyayyen inji asiri. Bakaniken da ya ce a sauke inji ba tare da ya yi wannan awon ba ya yi gaggawa. Wanda ya ce “geji ne kawai, Alhaji, ci gaba da tafiyarka” bai auna ba kuwa, ya fi shi haɗari.

Idan gejin gwaji ya tabbatar matsin ya yi ƙasa, ana farawa ne daga mai araha: a juye mai, a sa mai kyau irin 20W-50 da tsofaffin injuna suka saba da shi a ƙasa mai zafi, a sauya filta, domin jabun filta da jabun mai ba baƙin abu ba ne a kasuwa. Daga nan sai a sauke kaskon ƙasan inji a wanke ragar famfo, a duba bawul ɗin da ke rage matsi ko ya maƙale a buɗe. In duk an yi bai tashi ba, to ko famfon ya cinye, ko gurbin da karanshaf ke juyawa a ciki ya yi faɗi har mai yana tserewa, aikin da sai an buɗe inji.

Akwai dabaru biyu da masu neman sayar da mota kan yi: zuba mai mai kauri ƙwarai don allura ta ɗaga, da cire ƙwan jar fitila gaba ɗaya. Mai saye zai iya kama na biyun cikin daƙiƙa, domin dole fitilar ta kama da an murɗa makulli, ta mutu da inji ya tashi. Na farkon kuwa sai an yi tafiyar kamar rabin awa, a tsaya, a bar motar tana silo, a ga inda allura za ta zauna.