Kafin a ɗaure akwati: ƙa'idar kwastan ta shigowa Ingila

'Yan'uwa, duk bayan dawowa daga hutu ko Umara sai mun ji koke iri ɗaya a masallacin Old Kent Road: an ƙwace wa wani kilishi a filin jirgi, an caji wata haraji a kan gwal.

Rangwamen giyar inabi da ake yawan magana a kai, lita 18, bai shafe mu ba. Namu shi ne na sauran kaya, fam 390 ga kowane matafiyi. Atamfa, turare, sarƙar Dubai, duk a ciki suke, ko da tsaraba ce. Ga inda ake faɗawa: in kayan sun haura 390, ana lissafa harajin a kan kuɗinsu gaba ɗaya, ba a kan rarar kaɗai ba. Miji da mata kuma ba za su haɗa rabonsu don sarƙa ɗaya ta fam 700 ba. Kayan sayarwa kuwa ba su da rangwame ko kaɗan, dole a bayyana su. A ajiye rasit.

Nama da kayan madara daga Najeriya ko Nijar an hana su, wato kilishi, dambun nama, man shanu. Mun san da ciwo, musamman in Hajiya ce ta ɗauro da hannunta. Busasshen kifi har kilo 20 da zuma kilo 2 an yarda.

Tsabar kuɗi fam 10,000 ko fiye, a bayyana.

Dangi masu zuwa sayayya Landan kuma a gaya musu: tun 1 ga Janairu 2021 an daina mayar wa baƙi harajin VAT a filin jirgi.