Injin da Ke Ƙera Abin da Babu a Aboabo

Duk mai firiza a Tamale ya san wannan ciwon kai: ɗan maƙalin ƙofa na roba ya karye, ka zaga kasuwar Aboabo ba ka samu irinsa ba, a ce ka jira daga Kumasi. Kafin ya iso, ƙanƙarar uwargida ta narke, ciniki ya tsaya.

Shi ya sa na sayi injin 3D, duk da yara na tsokanata wai tsoho ya samu abin wasa. Nakan auna abin da ya karye, in zana shi a Tinkercad, injin ya narkar da zaren roba a zafin digiri 200, ya jera shi layi bisa layi. Maƙali ɗaya kan ci awa biyu, in wuta ba ta ɗauke ba ke nan.

Amma fa a kula da zaren. PLA ya fi sauƙin aiki, sai dai yana laushi tun wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a ranar watan Maris tana iya kaiwa nan. Abin da zai zauna a rana, kamar maƙalin bututun tanki, PETG nake sa masa.