Ba lambar kisa ba ce, ɓera ne a cikin katinka

A watan Satumban 2011 jita-jita ta karaɗe Najeriya cewa duk wanda ya amsa kiran lambar 09141 zai faɗi matacce, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata. Ƙanwar waccan maganar ce ke yawo a WhatsApp yanzu: wai da ka buɗe wani saƙo, kuɗinka na banki sun tafi. Abin haushi, masu yaɗa ta su ne kullum ke kukan kati ya ƙare ba su kira kowa ba, kuma ba sa bin sawu.

Karanta saƙon tes ba ya cire maka ko kwabo. Mai saƙon yana bakin zaure ne yana sallama, ba zai shigo ba sai ka zare sakata. Sakatar ita ce amsarka: ka tura kalma zuwa wata gajeriyar lamba don an ce ka ci mota, ko ka danna 1 a akwatin da ya faɗo kan fuskar waya, ko yaro ya taɓa talla yana cikin wasa. Shi ke nan an yi maka rajistar hasashen ƙwallo ko waƙar kira, mai sabunta kanta kullum.

A nan mutane ke kasa ganewa, domin ba a kwashe kuɗin katin gaba ɗaya. Ɓera ne a rumbu, ba ya ɗaukar dami sai zangarniya. Tulu ne mai tsaga, da safe cike, da la'asar rabi, ƙasa kuma ba ta jiƙe ba. A ce naira 50 ake cira a rana. Wa zai tayar da jijiyar wuya a kan hamsin? A wata ta zama 1,500. Da wannan rainin ake cin kasuwar.

Saƙon da ke gaggauta ka, ko ya ba ka kyautar gasar da ba ka shiga ba, share shi kawai. In daga baƙuwar lamba ya zo, ko STOP kada ka mayar, in ka mayar ka dai shaida wa mai saƙon akwai mutum a layin ne.

Tun 2016 NCC ta samar da 2442: tura STOP can, tallace-tallace su tsaya. Sai dai wannan ba ya soke rajistar da aka riga aka yi, sai ka danna *305# ka ga abin da ke rataye a layinka. In kamfani ya ƙi sauraronka, karɓi lambar ƙorafinka ka kira 622, kyauta ne. Lambobin duk suna nan, amma ban ga ana shelarsu da Hausa yadda ake shelar garaɓasar data ba.

Mai karatu, yau da daddare ka karɓi wayar Baba da ta Inna ka duba musu.