BABI NA UKU: ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA A ZAUREN MAJALISA, 1947–1966

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin rayuwar Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun daga haihuwarsa a 1912 har zuwa buga littafinsa, Shaihu Umar, a 1934. A wannan babi kuwa za a dubi zamansa na majalisa da matsayin da ya ɗauka a kan manyan ƙudurori. A tsarin majalisa irin na Ingila, wanda Nijeriya ta bi a lokacin, da baki ake amsa yawancin ƙudurori, sai an yi jayayya sannan a ƙidaya ƙuri'a. Saboda haka wannan nazari ya auna matsayinsa ta hanyar ƙudurorin da ya gabatar da kuma ɓangaren da ya tsaya. Manufar ita ce a nuna cewa ba a fahimtar ƙuri'ar ɗan majalisa sai an san kujerar da yake kai lokacin da ya jefa ta.

3.1 Shigarsa Majalisa

Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ne ya kafa majalisun jihohi. En'e ta Bauchi ta tura Malam Abubakar, wanda malamin makaranta ne, zuwa Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa a Kaduna. Daga can aka zaɓe shi cikin wakilan Arewa a Majalisar Dokoki ta ƙasa baki ɗaya. A wannan lokaci babu jam'iyyar siyasa a Arewa, don haka babu mai gindaya masa abin da zai faɗa. A jawabansa na farko ya bayyana cewa haɗewar Kudu da Arewa ta 1914 a takarda kawai ta tsaya, ya kuma nuna tsoron kada a yi gaggawar ba da mulkin kai alhali Arewa tana baya a ilimin boko.

3.2 Ƙudurin Gyaran En'e na 1950

A watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna, inda ya nemi a kafa hukumar da za ta binciki tsarin En'e domin a yi masa gyara. Ya soki yadda doka ta ɗora ikon En'e duka a kan sarki shi kaɗai, da yadda ba a shawartar talakawa, da kuma cin hanci da ya yi yawa. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin shi kansa En'e ce ta turo shi, haka ma akasarin abokan zamansa. Duk da haka ƙudurin ya wuce da ɗan ƙaramin rinjaye. Binciken da ya biyo baya ya share fagen gyare-gyaren da suka kai ga Dokar En'e ta 1954, wadda a ƙarƙashinta sarki yake mulki tare da majalisarsa. A ganin wannan nazari, nan ne aka fi jin muryarsa ta ƙashin kansa.

3.3 Batun Mulkin Kai, 1953–1960

A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa, kuma tsarin mulkin Macpherson ya ba Arewa kujeru 68 a Majalisar Wakilai ta Ikko, Gabas da Yamma kowace 34. A 1952 aka naɗa Malam Abubakar Ministan Ayyuka. Daga nan ya zama yana da iyayen gida biyu, wato jam'iyya da Majalisar Ministoci.

Ranar 31 ga Maris, 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace. 'Yan AG da na NCNC suka fice daga zauren, ministocin AG kuma suka ajiye aiki. Malam Abubakar ya tsaya tare da 'yan'uwansa wakilan Arewa, bai bar kujerarsa ba. Ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Ikko yana cikin abubuwan da suka haddasa rikicin Kano na watan Mayu na shekarar.

Bayan shekara huɗu al'amari ya sauya. A watan Maris na 1957 S. L. Akintola ya sake kawo batun, wakilan Arewa ƙarƙashin jagorancin Malam Abubakar suka goyi baya, majalisa ta amince ba tare da hamayya ba. A watan Agusta ya zama Firayim Minista. Bayan zaɓen Disamba na 1959, inda NPC ta sami kujeru 134 cikin 312, shi ne da kansa ya gabatar da ƙudurin neman 'yanci a watan Janairu na 1960. Ana iya cewa ya canza ra'ayi. To amma idan aka lura, sharaɗinsa bai canza ba, yanayin ne ya canza: tsarin tarayya na 1954 ya ba kowace jiha ikon tafiyar da harkokinta, Arewa kuma ta sami mulkin kanta a 1959.

3.4 Dokar Ta-ɓaci ta 1962

A 1962 jam'iyyar AG ta dare gida biyu tsakanin Obafemi Awolowo, madugun 'yan hamayya a tarayya, da Akintola, Firimiyan Jihar Yamma. Ranar 25 ga Mayu aka ba hammata iska a majalisar jihar da ke Badun. Ranar 29 ga wata Firayim Minista ya nemi Majalisar Wakilai ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. A wannan karo an ƙidaya ƙuri'a: 209 suka amince, 36 suka ƙi. Aka dakatar da gwamnatin jihar, aka naɗa Dokta M. A. Majekodunmi kantoma, kuma da wa'adin ya cika a ƙarshen shekara Akintola ne ya koma kan kujera.

Hujjar gwamnati ita ce majalisar jihar ta kasa zama, don haka babu hukuma mai aiki. Awolowo kuwa ya ce hargitsin bai wuce zauren majalisa ba, jama'a suna zaune lafiya. Abin da ya ƙara wa wannan suka ƙarfi shi ne abin da ya faru bayan zaɓen jihar na Oktoban 1965, lokacin da ƙone-ƙone da kashe-kashe suka bazu. A wannan lokaci Akintola abokin ƙawancen NPC ne, kuma Firayim Minista bai kawo irin wancan ƙuduri ba har sojoji suka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda a cikinsa aka kashe shi.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a ga matakai uku. A 1950 ya yi magana a matsayin ɗan majalisa marar jam'iyya, har ya taɓa ikon sarakuna. Daga 1953 zuwa 1960 ya tafi da ra'ayin jam'iyyarsa, wanda ya zo daidai da nasa. A 1962 kuwa shugaban gwamnati ne mai rinjaye a hannu, kuma an yi amfani da rinjayen a kan jihar 'yan hamayya. Mai yabonsa da ƙudurin 1950 bai kamata ya rufe ido ga na 1962 ba, haka ma mai sukarsa da na 1962 ya tuna da na 1950. A babi na gaba za a nazarci salon jawabansa, musamman yadda yake jera hujja, domin a kwatanta shi da salonsa a cikin Shaihu Umar.