Bororo a Ƙafar Yaro

Yaranmu na Gidan Goga suna tafiya da yawa. Suna zuwa kiwo, suna zuwa gona. Sabon takalmin roba, ko rairayi mai zafi na bazara, yakan sa ƙafa ta yi bororo.

Kada mu fasa bororo da ƙaya ko aska. Fatar bisa ita ce murfinsa, tana hana ƙwayoyin cuta shiga.

Mu wanke hannu da sabulu. Mu wanke ƙafar da tafasasshen ruwa wanda ya huce. Mu ɗaure da tsumma mai tsabta, mu sake shi kullum. Yaro ya ajiye takalmin da ya ci shi. Yawanci cikin kwana 7 bororo yakan warke.

In ya fashe da kansa, kada mu sa masa ƙasa ko kashin shanu. A cikinsu ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora take zaune, kuma ciwon yana kisa. Allurar rigakafi ke tsare yaro daga gare shi.

In mun ga mugunya, ko kaluluwa, ko zazzaɓi, mu kai yaro asibitin Maradun ko na Talata Mafara ran nan. Kada mu bari sai gobe.

Tambaya: Don me ba mu fasa bororo?